Rakiyar da Muka Yi wa Darakta daga Tiga

A unguwarmu, Nassarawa GRA, keke iri biyu ne. In ka hau shi da hular kwano da matsattsen wando mai sheƙi, to kai babban mutum ne, likita ne ya ce ka rage tumbi. In ka hau shi da jamfa da hula, da leda a rataye a hannun keken, to kai mai gadi ne ko ɗan aike. Duk taya biyu ne, amma tsakanin mahayan akwai nisa kamar daga nan zuwa Makka.

Yayana ne ya kawo mana iri na farko. An tura shi karatu ƙasar waje, ya dawo da digirinsa, ya kuma haɗo da wani keke mai kaurin taya wanda ya fi ƙauna a kan mu duka. A ɗakinsa keken yake kwana. Umma ta ce da mace ya kawo, da ta san yadda za ta yi da ita. Sai ya ce shi sana'arsa ita ce kai mutane yawon hutu a kan keke: a bar kwalta, a bi hanyoyin burji ta cikin gonaki da ƙauyuka har bakin ruwa, a ci kifi, a kwana, a dawo. Shi ne jagora, shi ya san hanya, shi ke yin faci. Baba ya daina amsa masa gaisuwa. Amma da ya ji abokansa na masallaci sun fara tambayar inda ake sayar da hular, kafin mu farga Baba ya zama shugaban ƙungiyar masu keke, har da wando.

Wandon nan ba zan yi dogon bayani a kansa ba, mahaifina ne. Ranar da ya fara gwada shi dai, kyanwarmu ta bar gidan.

Maƙwabcinmu na jikin katanga shi ne Darakta. Ya daɗe da yin ritaya daga wata ma'aikata, amma sunan ya zauna masa, har matarsa Hajiya haka take kiran sa. Dogo ne, siriri, ba ya dariya, in ka gaishe shi da hanci yake amsawa. Yana da wata baƙar jif da duk unguwar ta sani. Wata rana aka wayi gari jif ɗin tana rumfar mota a lulluɓe da tamfol, shi kuma ya fito a kan keken da ɗansa ya bari, da rigar wasanni, da wata ƙatuwar hular kwano irin ta masu babur. Ya ce wa mutanen masallaci likita ne ya sa shi. Kowa ya ce madalla. Kullum safiya sai ya fita, kullum jif tana cikin tamfol, tayoyinta huɗu suna leƙowa ta ƙasa.

Ni na gano asirin jif ɗin. Ƙwallona ta tsallaka gidansu da rana, na haura ta kan bishiyar gwaiba na dira, na ga ta gangara ƙarƙashin jif. Na kwanta na ɗaga tamfol na cusa kai. Babu mota. Kujerun roba ne aka jera aka ɗora wasu a kan wasu, da tsohuwar durowa a kwance, da katifa a sama don ta ba da siffar rufi. Tayoyin kuwa na gaske ne, tsofaffi, kowace an tokare ta da bulo don kada ta faɗi. Har lambar mota ya ɗaura wa wata kujera da waya, yadda za ta ɗan leƙo. Wallahi aikin ya yi kyau. Na daɗe a kwance a wurin ina cizon hannuna don kada dariya ta fito.

Ni kuma ba na iya riƙe labari, ciwon ciki yake sa ni. Ana cin tuwo da yamma na zazzage shi duka, har da kwaikwayon yadda Darakta yake shafa tamfol in zai wuce. Umma ta ce, "Kai, rufe mana baki! Allah ya rufa mana asiri." Yaya ya ce ba ruwanmu. Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye cokali, ya goge baki, ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Baba, har na zauna a kujerar direba."

Sai ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Labarin da ke bayan murmushin kowa a gidanmu ya haddace shi. Kafin Baba ya shiga kasuwanci, ƙaramin ma'aikaci ne a ƙarƙashin Darakta. Wata rana da damina an tashi daga aiki, ruwa kamar da bakin ƙwarya, Baba yana tsaye a bakin titi da takalminsa a hannu. Sai ga Darakta a mota, shi kaɗai a baya. Motar ta rage gudu, Baba ya taho da sauri, Darakta ya sauke gilas kaɗan, ya ɗaga masa yatsu biyu, ya ce, "Sannu da ruwa." Gilas ya koma sama, mota ta wuce. Duk sanda aka yi ruwan sama a Kano sai mun ji labarin nan. Wani lokaci ko hadari ne ya haɗu ya watse, sai mun ji rabinsa.

Da Yaya ya shirya tafiyarsa ta farko zuwa dam ɗin Tiga a ƙarshen damina, a ƙofar masallaci Baba ya tare Darakta, a gaban kowa.

"Ranka ya daɗe, ai kai ne za ka ja mu. Mu da muka fara jiya, ina mu ina kai da kullum kake kan hanya?"

Darakta ya ce yana da uzuri. Wani Alhaji mai gidajen mai, wanda tumbinsa ke riga shi shiga sahu, ya ce, "Haba Yallaɓai, in ba ka je ba ai sai a ce tsoro ka ji." Darakta ya dubi fuskokin mutane, ya ce to, Allah ya kai mu.

Tsarin Yaya mai sauƙi ne: bas ɗaya ta haya ta biyo mu da ruwa da kaya, duk wanda ya gaji ya shiga, washegari kuma ta dawo da kowa gida. Da an bi wannan tsarin da ba ni da labarin bayarwa. Amma manyan GRA ba sa shiga bas. Mai gidajen mai ya ce rabonsa da bas tun yana almajirin kasuwa, kuma ya yi wa kansa alƙawari. Baba ya goyi bayansa da ƙarfi, har ya fi shi zafi. Aka soke bas. Aka tsayar cewa kowa motarsa da direbansa za su biyo shi a baya.

Haka muka fito da sassafe: alhazai a gaba a kan kekuna suna tangaɗi, motocinsu a baya suna rarrafe, fitilu suna ƙiftawa, kowace da kula cike da lemo. Mutum ɗaya ne babu komai a bayansa sai inuwarsa.

Baba ya matso kusa da shi yana haki tun ba mu bar unguwa ba. "Ranka ya daɗe, ban ga jif ba."

"Na ba direba hutu," in ji Darakta. "Wanda mota ke bin sa a baya ba motsa jiki yake yi ba, wasa yake yi."

"Allahu akbar! Kun ji manya!" Baba ya waiwayo ya kashe mini ido. Na kusa faɗawa kwata.

Gaskiya hanyar tana da kyau, ko ni da ba na kallon komai sai waya na yarda. Bayan mun wuce Kura, Yaya ya karkatar da mu daga kwalta muka hau jan burji da ke bin gefen babbar magudanar ruwa. Tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya kamar ana soya gyaɗa. Hagu da dama shinkafa ce koriya shar har ƙarshen gani, balbelu suna tsaye a ciki kamar an shanya fararen huluna. Muka wuce ɗorawa da giginya, muka wuce mata masu tallan fura, muka wuce wasu manoma da suka daina aiki suka dogara da fartanya suna kallon mu. Ɗaya ya tambaye ni, "Samari, motocin nan lalacewa suka yi?" Na ce a'a, masu su ne suka lalace.

Alhazan kuwa sun gano dabara da wuri. Da an shiga daji, sai kowa ya miƙa wa direba keke a sa a but, ya shige cikin sanyi. Da an hango rufin kwano na ƙauye, sai a tsaya, a fito da kekuna, a yayyafa ruwa a goshi, a ratsa gari ana ɗaga hannu ana ɗaukar hoto. Mai gidajen mai ko wannan bai iya ba, direbansa ne ya riƙe masa sirdi yana gudu a baya kamar mai koya wa yaro. Yaya ya yi magana har ya gaji. Ya ce, "Baba, wannan ba yawon keke ba ne." Baba ya ce, "Kai dai nuna hanya."

Darakta shi kaɗai ya tuƙa kowane taƙi na hanyar. Watannin da ya yi yana zuwa cefane a keke sun taimake shi, amma cefane daban, Tiga daban. Da rana ta take, rigarsa ta manne a bayansa, jan ƙasa ta rine masa gemu, ƙatuwar hular tana zamewa tana rufe masa ido yana ture ta. Duk motar da ta zo daidai da shi sai a sauke gilas, sanyi ya bugo shi, a ce, "Sannu Yallaɓai! Ƙarfe ne kai!" a mayar da gilas.

Da la'asar sakaliya muka hau wani tudu, sai ga ruwa ya buɗe a gabanmu, faɗinsa ya cinye rabin duniya, duwatsu a can nesa, kwale-kwalen masunta kamar ƙwayar kabewa a kai. Darakta ya sauka daga keke, ƙafafunsa suka ƙi miƙewa, ya tafi bakin ruwa a tale kamar wanda aka yi wa kaciya da girma. Aka gasa mana kifi karfasa da yaji a masauki. Alhazan da suka wuni a mota su suka fi kowa kukan ciwon cinya.

Ina wanke hannu a bayan rumfar mai kifi na ji muryar Darakta ƙasa-ƙasa. Yana tambayar mai kifin inda ake samun motar Kano.

"In ka fita bakin kwalta, Alhaji, ba sa yankewa."

"Suna ɗaukar keke?"

"Har akuya suna ɗauka."

Na gane shirinsa nan take. Gobe zai ce shi a keke zai koma, mu mu wuce a motoci, in mun ɓace ya tsayar da ta haya a ɗaure masa keke a sama, ya sauka nesa da unguwa, ya shigo yana feda kamar jarumi. Shiri ne mai kyau. Kafin hannuna ya bushe Baba ya ji komai.

Da safe direbobi suka loda kekuna. Darakta ya ɗaura hularsa. Baba ya jira sai da kowa ya taru, sannan ya buɗe ƙofar bayan motarmu da kansa, ya ɗan rusuna.

"Bismillah, ranka ya daɗe. Ga wuri. In wata matsala ce ta samu jif, ai faɗa kawai za ka yi, mu ƙannenka ne."

Daga yadda alhazan suka sunkuyar da kai suna gyaran murya na san labarin kujerun ya riga ya zaga kowace mota tun jiya. Shi kaɗai ne bai san an sani ba.

"Jif lafiyarta ƙalau," in ji Darakta. "A keke na zo, a keke zan koma. Ku yi gaba."

"Mu yi gaba?" Baba ya dafa ƙirji. "Mu bar babba a daji shi kaɗai? Me za mu ce wa Hajiya? Wallahi ba za a yi haka da ni ba. Jama'a, rakiya za mu yi masa har ƙofar gida."

Mai gidajen mai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Sarkin Keke! A bi bayan sarki!"

Darakta ya dubi motocin da ke jere. Ya ce ba sai an wahala ba. Baba ya ce wahala a kan babba ai lada ce. Ya ce zai ɓata mana lokaci. Baba ya ce yau ba mu da aikin da ya wuce shi.

Haka aka jera. Dattijo ɗaya a gaba a kan keke, motoci a bayansa a layi suna tafiyar kunkuru, fitilu suna ƙiftawa. Yaya ne kawai ya sauke kekensa ya bi gefensa yana tare masa iska. Ni ina gaban motarmu da ragowar kifin jiya a cinya.

Da muka fita bakin kwalta, kamar an aiko ta, sai ga bas ta haya. Kwandasta ya leƙo yana dukan ƙofa. "Kano! Kano! Baba, a ɗora keken? Akwai wuri!" Darakta ya daina feda. Ƙafarsa ɗaya har ta sauka ƙasa. Ya waiwayo, ya ga motocinmu sun tsaya cak a bayansa, kowane gilas a sauke, kowace fuska tana murmushi. Ya ɗaga wa kwandasta hannu ya ce su je. Baba ya ce wa direbanmu, "Yi masa hon, ka ƙarfafa masa gwiwa."

Daga nan abin ya zama biki. In mun shiga gari sai a haɗa hon gaba ɗaya, mutane su fito, yara su bi mu da gudu. Wasu suka ɗauka ɗan takara ne. Wata tsohuwa ta yi guɗa. Mai gidajen mai ya fito da kai ta rufin motarsa yana ihu, "Ku gaida Sarkin Keke!" Darakta bai kalli kowa ba. Kekensa ya fara tafiya a karkace, yana zana maciji a kan titi.

Da aka tsaya sallar azahar, a zaune ya yi ta. Wajen alwala ma butar kuɓuce masa ta yi. Yaya ya zo wurin Baba fuskarsa a murtuke.

"Baba, mutumin nan zai faɗi."

"Motsa jiki yake yi. Likita ne ya sa shi."

"Don Allah a wuce a bar shi, ni zan tsaya da shi."

"Ni na hana shi shiga mota? Ga ƙofa can a buɗe." Baba ya ɗaga murya yadda duk masallacin zai ji. "Ranka ya daɗe, ko a aika gida a taho da jif? Ba ni mukulli, yanzu direbana ya je ya kawo ta."

Darakta ya dafa bango ya miƙe. Sau biyu yana cilla ƙafa kafin ta tsallake sirdi.

Ban san da me ya ƙarasa ba. Ni da nake zaune ma na gaji. Na yi barci na farka, yana nan a gaba, bayansa ya lanƙwashe, hular ta karkace gefe ɗaya ya daina gyara ta. Muka shigo gari, muka ratsa cunkoso, masu adaidaita suna zagin mu, muka shigo inuwar bishiyoyin unguwarmu rana ta yi sanyi. Da ya karyo kwanar layinmu sai na ga ya ɗago kai, ya miƙe baya. Ya kai. Ya yi abin da ya ce zai yi, asirinsa yana nan a lulluɓe, saura ya shiga gida ya rufe get. Har Baba ya ce, "Kai, mutumin nan da taurin kai yake," kamar wanda aka ƙwace wa nama a baki.

Sai muka tarar da get ɗin a wangale.

Ashe Hajiya baƙi ta yi, matan islamiyyarsu ne suka zo mata sannu da jiki, suka yi yawa, kujerun falo suka kasa. Ita kuma ta san Darakta ya ce mata shi kaɗai zai dawo, kuma sai bayan magariba. Sai ta sa aka yaye tamfol aka ciro kujerun. Ga mata nan reras a rumfar mota, a inuwa, suna shan zoɓo a kan jif. Katifa tana jingine da bango, yara suna tsalle a kan durowa. Tayoyi huɗu suna tsaye a kusurwa huɗu, kowace da bulonta, babu komai a tsakaninsu sai matan. Wata mai jiki tana zaune a kujerar da ke da lambar mota, lambar tana lilo a tsakanin ƙafafunta.

Darakta ya tsaya a bakin get, ƙafa ɗaya a ƙasa. Motoci suka tsaya a bayansa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi hon. Hajiya ta miƙe da jug a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi layin motoci, ta dubi tamfol da ke ninke a ƙasa. Daga can baya aka ji mai gidajen mai ya fashe da wata dariya da ta girgiza motarsa, sauran suka kama.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce wa direba ya matsa a hankali. Da muka zo daidai da Darakta, ya sauke gilas kaɗan, ya ɗaga yatsu biyu, ya ce, "Sannu da hanya." Gilas ya koma sama, muka shige gidanmu.

Yaya bai ci abinci da mu ba ranar. Baba ya yi ƙari.

Darakta ya ɗauki kwanaki bai fito ko masallaci ba. Tayoyin aka mirgino su waje aka jingine a bakin kwata, yaran layi suka raba. Da ya fara fitowa, babu rigar wasanni, babu hular kwano. Jamfa ce da hula, da leda a rataye a hannun keke, ƙafar wando ɗaya a ɗaure da roba. Yara suna ganin sa suke cewa ga Sarkin Keke, masu gadin layin kuma da suke tashi tsaye in zai wuce, yanzu daga zaune suke ɗaga masa hannu.

An yi ruwan ƙarshe na daminar bayan haka, mai ƙarfi, har ya karya reshen gwaibarmu. Muka zauna a falo muna jiran labarin takalmi a hannu. Baba ya kalli taga, ya ce a ƙaro masa shayi.